Tasalla Mai Ajiyar Girgam

In ka bar kwaltar Malumfashi ka yi kudu, ka bi burtali tsakanin gonakin masara har ka fara hango wasu baƙaƙen duwatsu, to ka iso Tsaunin Kanya. Garin bai taka kara ya karya ba, amma a bayansa akwai kufai mai faɗi, da ragowar ganuwa wadda ruwan sama ya narkar har ta koma kamar kunyar dankali. Mutanen garin sun ce da can birni ne mai sarki da tambari. A nan aka haifi Amina ranar ƙaramar salla, shi ya sa tun tana zanen goyo ba mai kiranta da sunan yanka, sai Tasalla.

Mahaifinta, Malam Abubakar Sadiq, manomi ne kamar kowa, sai dai a ɗakinsa ake ajiye girgam, wato tsofaffin takardun da aka jera sunayen sarakunan garin a ciki. Su ba gidan sarauta ba ne. Kakanninsa marubutan fada ne, da birnin ya mutu sarautar ta koma ta dagaci, sai takardun suka zauna a hannunsu. Warƙoƙi ne a warware ba ɗinki, sun yi ja kamar busasshen ganyen taba, an naɗe su da fata an saka a gafaka. Da Larabci aka rubuta su, da irin hannun mutanen da, mai kauri da ƙoƙƙwarewa. Kowane sarki layi ɗaya ko biyu ya samu: sunansa, sunan uwarsa, shekarun da ya yi, sai wani abu guda da ya faru a zamaninsa. Wannan an yi fara, wancan ya ja ganuwa har ta haɗe, wancan kuma a hannunsa malamai suka shigo gari aka fara salla. Na farko-farkon suna da sunayen da ba wanda zai raɗa wa ɗansa yanzu, su Gwanki da Kurmau. A ƙarshe mai rubutun ya ce shi ma kwafa ya yi daga wani tsohon littafi da ya samu ya lalace.

Malam ya so wansu Tasalla, Mati, ya gaje shi. Mati kuwa zama bai karɓe shi ba. Da ya tasa ya tafi Funtua aikin gurzar auduga, daga nan ya shiga motar kaya, sai da salla ake ganinsa. Tasalla ce ke kai wa Malam ruwan alwala, ita ke riƙe masa warƙa in ya fito da su shan iska bayan damina. Daga riƙewa ta fara tambaya, daga tambaya ta fara haɗa baƙi. Kafin a yi mata aure ta haddace jerin sarakunan nan kamar yadda sa'o'inta suka haddace waƙar gaɗa.

Ta yi aure a Mahuta, gidan wani manomin dawa mai haƙuri. Ta haifi 'ya'ya, ɗaya ce ta rayu, Suwaiba. Shekarun nan ta manta da wani girgam, sai sussuka da daka da kiwon awaki. Bayan mijin ya rasu ta gama takaba, Malam ya aika ta dawo gida. Ta same shi ya rame. Ya sa ta jawo adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da gafakar ya ɗora mata a cinya.

"Baba, ai Yaya Mati ne babba," in ji ta.

"Mati zai sa ta a bayan kujerar mota ya manta. Kada ki ɗauka gado na ba ki, Tasalla. Aiki na ba ki, kuma ki yafe mini."

A lokacin ba ta gane abin da ya sa ya nemi yafiya ba. Malam bai ga kaka ta gaba ba.

Aikin ya fara da gara. Ɗakin na ƙasa ne, duk damina sai ta janye adakar ta duba ƙarƙashi, ta zuba toka, ta ɗora ta a kan duwatsu. Wata shekara rufin ya zuba, ta kwashe gafakar ta kai rumbu ta binne cikin dawa, sannan ta shiga fargabar ɓera. Amma gara da ɓera ba su gajiyar da ita kamar mutane ba.

Mutane sukan zo ba sanarwa, kuma yawanci a tsakiyar aiki. Tana gona tana cirar gyaɗa sai a zo a ce ta yi baƙi. Ta ajiye fartanya, ta wanke hannu tas don kada ta ɓata takarda, ta dama fura, ta shimfiɗa tabarma a zaure. Ɗalibai masu rubutun kammala makaranta, da masu neman aure da ke son a tabbatar wa surukai asalinsu, da 'yan siyasa in zaɓe ya matso. Kowa da sunan kakansa a baki, yana jira ya ji shi a cikin na sarakuna. In ta karanta har ƙarshe bai ji ba, sai fuska ta canza.

"Malama, ki sake dubawa dai. Kakata ta ce mu jinin sarauta ne."

"To, Allah ya ji ƙan kakarka. Ni dai abin da ke rubuce na karanta maka."

Akwai wani attajirin dillalin masara da ya zo har sau uku. A na ƙarshe ya sassauta murya ya nuna gefen wata warƙa inda ba rubutu, ya ce ai wurin zai ɗauki suna ɗaya, kuma ya san mai haɗa tawada irin ta da. Tasalla ta tattara takardunta ta mayar cikin fata ta shige gida. Ya shekara yana faɗa a kasuwar Bakori cewa tsohuwar ba ta iya karatun ba, hadda ce kawai.

Duk wannan mai sauƙi ne kafin dagacin garin ya rasu. Bai bar ɗa namiji ba, sai gidaje biyu suka miƙe neman rawani. Ɗaya na Alhaji Maitama, mai shagon taki da maganin feshi, ɗaya na Malam Zubair, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya koma noma. Su biyun Tasalla ta girme su, su biyun Gwaggo suke ce mata. Kowa ya yarda cewa babban sarkin garin shi ne Barmo, wanda ya gama ganuwa, kuma Malam Zubair daga tsatsonsa ya fito. Shi kuwa Alhaji Maitama jikan Jatau ne, sarkin da ya biyo bayan Barmo. In Jatau ɗan Barmo ne, to gidan Maitama ne gaba. In kuwa ɗan'uwansa ne da ya riƙa wa yara sarauta, to gidan Zubair ke da ita. Aka ce ai girgam zai raba gardama.

Tasalla ta san ba zai raba ba, don ta san warƙar. Ta faɗa wa kowannensu haka a zaure, kowanne ya ɗauka ɓoye masa take yi don ɗayan ya riga shi zuwa. Da magana ta yi tsanani hakimi ya kira zama. Aka ɗauke ta a bayan babur da gafakar a ƙirji, gwiwoyinta na ciwo. A zauren hakimi ta zauna gefe a kan tabarma, maza cike da wuri. Ta buɗe fatar, ta zaro warƙar, ta karanta: "Sannan Barmo, uwarsa Hansai. Sannan Jatau." Ta tsaya.

"Ci gaba, Malama," in ji hakimi.

"Ranka ya daɗe, kalmar da ke biye ita ake nema. Akwai alif a farkonta, akwai ha a ƙarshenta. Tsakiyar gara ta cinye tun kafin a haifi mahaifina. In an cike ta wata hanya ta zama ɗansa, in an cike ta wata hanyar ta zama ɗan'uwansa. Da Larabci duka biyun haka suke farawa, haka suke ƙarewa."

Hakimi ya miƙa wa limaminsa. Liman ya sa tabarau, ya ɗaga takardar sama, haske ya ratso ta ramin. Ya ce gaskiyar Malama ce.

Alhaji Maitama ya matso. "Gwaggo, marigayi Malam bai taɓa faɗa miki yadda yake karanta wurin ba?"

"Yakan yi shiru a wurin ya wuce. Ni ma haka na koya."

Aka tashi ba a yanke komai ba. Aka ba wani mai unguwa riƙon garin kafin a gama bincike, binciken da har yau ba a gama ba. Ita kuwa Tasalla ta koma gida ta tarar ta yi baƙin jini a gidaje biyu. Matan gidan Zubair suka daina aiko mata da tuwon suna. Alhaji Maitama yakan gaishe ta a hanya, amma daga nesa, yana kallon wani wuri. Duk da haka ba su daina zuwa ba. Wannan ya kawo malami daga Zariya ya auna faɗin ramin da tsinke, ya ce haruffa biyu na ɗa ne za su shiga. Wancan ya kawo nasa daga Katsina, ya ce a'a, dubi jelar da ta rage a ƙasa, ta ɗan'uwa ce. Kowane zuwa sai ta bar abin da take yi ta zauna tana tsaron hannuwansu kada su yaga mata takarda.

Ana cikin haka wata mata ta yi sallama, Dakta Bushra, 'yar Bakori ce mai koyar da tarihi a jami'a. Ita ba ta zo da sunan kaka ba. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta fara tambayar yadda ake ajiye takardun da damina. Tasalla ta saki jiki da ita. Bushra ta yi kwanaki tana zuwa, tana ɗaukar hoton kowace warƙa gaba da baya. Ta ɗaga ɗaya ta nuna mata wani tambari a cikin jikin takardar, jinjirin wata uku a jere, wanda Tasalla ta sha gani ba ta san amfaninsa ba.

"Inna, wannan tambarin masu yin takardar ne. Da shi muke gane cewa ita takardar ba ta wuce zamanin jihadi da nisa ba. Amma maganar da ke ciki ta girme ta sosai. Wasu sunayen nan mai yiwuwa sun fi shekara ɗari biyar ana miƙa su daga hannu zuwa hannu."

"To ai shi ma ya faɗa, kwafa ya yi."

"Shi ya sa nake zaton akwai wani kwafin a wani wuri. In an kwafa sau ɗaya, an kwafa sau biyu."

Wannan magana ta shiga ran Tasalla. Ta fara addu'a Allah ya sa a samu, a ga kalmar nan a cike, kowa ya huta, ita ma ta koma gonarta.

An samu kuwa, bayan damina biyu. Bushra ta dawo da fara'a amma tana ɗan jinkiri. Ta ce ta gano shi cikin littattafan wani gidan malamai a ƙasar Zazzau, hannu daban, takarda lafiya lau ba rami ko ɗaya. Ta buɗe na'urarta ta ƙara girman rubutun. Tasalla ta matso da fuska tana bi da yatsa. Gwanki yana nan, Kurmau yana nan, Barmo da uwarsa Hansai suna nan. Bayan Barmo sai ta ga wani suna da ba ta taɓa ji ba. Ta koma baya, ta sake sauka har ƙasa. Babu Jatau ko kaɗan.

Ta janye yatsarta daga na'urar. Can ta ce, "'Yar nan, to wanne ne na gaskiya?"

"Ban sani ba, Inna. Haka suke yawancinsu. Wani abin da ya ji ya rubuta, wani abin da gidan da ke ciyar da shi ke son ji. Inda suka haɗu mukan ɗan dogara, inda suka rabu sai mu ce sun rabu. Barmo dai da alama an yi shi, tun da su biyun sun yarda, kuma ga ganuwa."

Tasalla ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ta tuna yadda mahaifinta ba ya taɓa takardun nan sai da alwala. Ta tuna gyaɗar da ta ruɓe a gona tana zaure tana karanta wa mutane. Ba ta ji haushin Bushra ba, don yarinyar gaskiya ta faɗa. Kawai dai ta ji jikinta ya yi nauyi. Ranar ba ta iya ɗora tukunya ba.

Labarin bai ɓoyu ba. Wani ya tsinto shi ya watsa a zauren waya na 'yan garin. Gidan Zubair suka ce to ga shi, ashe Jatau ƙage ne. Gidan Maitama suka ce na Zazzau ne jabu, nasu na gida shi ne asali, suka koma yi wa Tasalla ladabi suna aiko mata da masara ɗanya. Ta karɓa don ba a mayar da kyauta, amma ta san abin da ake saye.

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa ya zo. 'Yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan yamma, aka kwashe shanu a rugage, aka fara ɗaukar mutane a gona. Wata safiya aka ga mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka suna wucewa da kaya a ka. Kafin azahar Tsaunin Kanya ta fara watsewa. Tasalla ta tsaya tsakar gida tana duban awakinta da buhunan dawarta. Abin da kai zai ɗauka ɗaya ne. Ta saka gafakar cikin roba, ta rufe da zannuwa, ta kwance awakin ta bar musu ƙofa a buɗe. A hanya wata maƙwabciya ta tambaye ta ko abinci ne a robar, ta ce a'a, ta ci gaba da tafiya.

Funtua ta sauka, gidan Suwaiba, wadda ke auren wani tela. Ɗaki biyu ne a gidan haya, ita da jikoki a ɗaya. Ta fara soya ƙuli-ƙuli don kada ta zauna haka. Idonta na dama ya yi yana, na hagu ma ya fara. Ta ɗauka tun da gari ya watse maganar rawani ta mutu. Ba a yi nisa ba ta ji sallamar Malam Zubair a ƙofar gida, shi ma gudun hijirar ya kawo shi unguwar. Bayansa Alhaji Maitama, wanda ya mayar da shagonsa bakin tasha. Rawanin dagacin garin da ba kowa a cikinsa sai jemagu, shi suke nema har yanzu, wai don in an koma a san mai gari.

Bushra ta kawo shawara a kai takardun ɗakin adana littattafai na jami'a, inda ba gara ba ɗigar ruwa, duk mai so ya je ya gani. Tasalla ta ji kamar an sauke mata dutse. Amma ta ce ba za ta bayar a ɓoye ba. Ta aika aka kira mutanen biyu, suka zauna a shagon surukinta, keken ɗinki a tsakaninsu. Ta faɗa musu shawarar Dakta.

Tun rasuwar dagaci ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

"Gwaggo, wannan ai kayan gari ne," in ji Malam Zubair. "Gonaki sun tafi, gidaje sun tafi. Shi kaɗai ya rage mana."

"Ba ya barin hannun 'yan gari," in ji Alhaji Maitama.

"To madalla. Ga shi nan, ɗayanku ya ɗauka. Ni na tsufa, ba na gani, ɗakin da nake kwana ma ba nawa ba ne."

Maitama ya dubi Zubair, Zubair ya dubi ƙasa.

"In Alhaji ya riƙe, gobe ramin zai cike da kansa," in ji Zubair a hankali.

"In kai ka riƙe, warƙar ce gaba ɗaya za ta ɓace."

Suka yi ta jan magana har aka kira la'asar. A ƙarshe suka amince da abu guda, cewa ba wanda suka yarda da shi sai Gwaggo. Suka yi mata godiya, suka sa mata albarka, suka tafi masallaci. Ta ɗauki gafakarta ta koma ciki. Suwaiba ta ce, "Inna, da kin ba Dakta kawai, me za su yi?" Tasalla ta ce ba za su yi komai ba, amma Malam Zubair bai yi ƙarya ba da ya ce shi kaɗai ya rage musu, kuma ba ita za ta raba su da shi ba.

An yi mata aikin ido ɗaya, tana ɗan gani yanzu, ko da yake ƙananan baƙi sun fi ƙarfinta. In an matsa mata da ka take karantawa, takardar na hannunta don mai sauraro ya gamsu. Mutane sun fara komawa garin da rana su yi noma su dawo, ita gwiwa ta hana.

Kwanan baya Malam Zubair ya rasu bayan gajeriyar jinya. Tasalla ta je gaisuwa, ta zauna cikin mata, ta yi masa addu'a da zuciya ɗaya, don ta san shi tun yana rarrafe. Da ta fito, babban ɗansa Abdulmutallib, wanda ke aiki a Kaduna, ya biyo ta har bakin titi ya durƙusa.

"Gwaggo, mun gode. Baba ya bar mini wasiyya a kan maganar nan. In an yi arba'in zan shigo in ga takardar da idona."

"Allah ya kai mu," in ji ta.

Ta juya ta ce wa Suwaiba ta tsayar musu da mai keke napep, ba za ta iya takawa zuwa gida ba, kuma akwai gyaɗar ƙuli-ƙuli da ta bari ba a niƙa ba.